Layin da Na Bari Aka Soke

A shekarun babban yaƙin nan da ya hana jiragen ruwa zuwa Jidda yadda suka saba, aikina rubuta wasiƙun mutuwa. Ban zaɓi aikin ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin masu wankan gawa a sharshura, wato ɗakin da ake wanke mamatan da ba su da kowa a Makka, ni kuwa Allah ya ba ni hannun rubutu. Da safe ina da'irar malaminmu a Harami muna karatun nahawu da fiƙihu. Bayan azahar in dawo gida unguwar Misfala in tarar Kawu ya aiko da sunaye. Yau Bajawe daga tsibirin Jawa, gobe mutumin Buhara, jibi wata tsohuwa 'yar Barno da ta yi shekara tara a hanya, ta rasu kwana uku bayan ta ga Ka'aba. Sai in zauna in rubuta wa danginsu da Larabci, a ajiye takardar wurin muɗawwifinsu, wato jagoran alhazansu, har a sami mai komawa ƙasar.

Magana ɗaya ce kullum: ya koma ga rahamar Allah, an yi masa salla a Harami, an binne shi a Ma'ala. Na rubuta ta har hannuna ya iya ta ba sai da ni ba. A lokacin zafi nakan rubuta ta sau shida kafin la'asar, gumi yana ɗiga daga gwiwar hannuna, ina kare takarda da tsumma. Ina da shekara ashirin da uku, amma in na tashi daga tabarma bayana yakan riƙe kamar na dattijo.

Ni mutum ne da magana take yi wa nauyi. Shekara huɗu ina da'irar malam ban taɓa ɗaga murya na yi tambaya ba. Sai in rubuta tambayar a gefen littafi in jira wani ya yi ta. Wataƙila shi ya sa na buɗe wani ɗan littafi na kaina, ina tara yadda kowace al'umma take faɗin cewa mutum ya mutu. Na fara da namu, waɗanda nake ji a bakin Inna mahaifiyata: ya rasu, ya cika, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya, rai ya yi halinsa. Na ƙara na Kawu, waɗanda ba ya faɗa a gabanta: ya sheƙa, ya ce ga garinku nan. Mutanen Makka sukan ce wane ya ba ka sauran kwanansa. Jawawa sukan ce ya bari, ba sa faɗin abin da ya bari ɗin. Kowace na yi mata shafi, na rubuta wanda ya faɗa mini da inda na ji ta.

A ɗakin da yake bayan gidanmu akwai wani tsoho ɗan ƙasar Sin, mutumin birnin Kanton. Shekara talatin yana kuku a jiragen ruwa. Ya sauka Jidda don ya sauke farali ya koma gida ya huta, yaƙi ya rufe teku a bayansa. Yana dafa abinci a wani shagon cin abinci kusa da hanyar Kudai. Gajere ne, haƙoransa na gaba babu, Larabcinsa na ma'aikatan jirgi ne, ba ya bin ƙa'ida ko ɗaya daga cikin waɗanda nake haddacewa. Kawu yana kiransa Sini, Inna tana ce masa Baba ɗan Sin, ni kuwa Ammi, kamar yadda ake kiran dattijo a nan.

Shi da Kawu ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Sini, yau ma shinkafar taka ba mai? Ko a ƙasarku haramun ne?"

"Kai mai wankan matattu, janye hannunka daga tukunyata. Na san inda ya kwana."

"Bari dai. Kai ma kana nan zuwa hannun nan."

"In na zo ka sa ruwa mai sanyi. Kada ka yi mini rowa yadda kake yi wa Hindiyawa."

Wata rana da yamma ina zaune a inuwar katanga, ya zo wucewa da kwandon albasa, ya tsaya a kaina.

"Ya ustaz, me kake ɓoyewa a littafin nan?"

Na nuna masa, ina jin kunya. Bai iya karatu ba, ko na yarensu, sai alama ɗaya ta sunansa. Da na karanta masa shafi biyu sai ya ajiye kwando ya yi dariya har da tari.

"Duk waɗannan na masu kunya ne. Rubuta namu."

Ya tsuguna ya fara lissafo mini. A Kanton, in ji shi, in ɗan dako ya mutu, abokansa sukan ce an buga masa murfi. Ko su ce ya miƙe ƙafafu biyu. Ko ya ja itace. Ko su ce ya yi ƙamshi.

"Ƙamshi, Ammi?"

"Eh mana. Kana so su faɗi gaskiya?"

Ya ce waɗannan ba maganar masallaci ba ce, limaminsu in ya ji sai ya kawar da kai. Maganar bakin kogi ce da ta kicin ɗin jirgi, inda Musulmi da wanda ba Musulmi ba suke ci a kwano ɗaya, kuma kowa ya taɓa ganin an jefa abokinsa a ruwa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce ga babbarsu: wane ya tafi sayar da ƙwan agwagwa mai gishiri.

Na tambaye shi dalili. Ya ce wa ya sani. Wasu sun ce don a da ana zuba wa gawa farar ƙasa a akwati yadda ake rufe ƙwai a toka da gishiri. Shi dai haka ya taso ya ji. Na ce ya faɗa da yarensu. Ya ce, "Mai ham ap tan." Na rubuta da ajami, na sa ɗigo a sama inda muryarsa ta hau, a ƙasa inda ta sauka, don kunnen Bahaushe yana jin wannan. Ya sa na maimaita. Ya ce na yi kamar akuya mai mura. Na sake, na sake, har ya ce, "Ɗayyib. Yanzu kamar ɗan dako mai mura."

Inna ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Baba ɗan Sin, ku tashi mini daga nan. Tun ɗazu kuke kiran mutuwa a ƙofar gidana kamar mai tallan kifi."

Bayan wata biyu ya kira ni ɗakinsa. Babu komai ciki sai tabarma da akwatin ƙarfe da wuƙarsa ta yanka nama mai faɗi. Ya zuba mini shayi marar sukari, ya ce yana da wasiƙa da zan rubuta, amma ba yanzu ba.

Yana da mata a Kanton. Tana sayar wa 'yan dako kunun shinkafa a bakin kogi, tana kwana a wani ɗaki na haya kusa da inda jirage suke tsayawa. Sau biyu ana kai mata takardar mutuwarsa. Na farko jirginsu ne ya nutse, kamfani ya aika wa iyalan kowa, alhali shi yana kwance da zazzaɓi a wata tasha, jirgin ya tafi ya bar shi. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta raba tufafinsa, sai ga shi ya shigo da buhu a kafaɗa. Na biyu wani mai irin sunansa ne ya mutu a Basra. Ta sake takaba. Da ya dawo a wannan karon ba ta yi kuka ba, ludayi ta jefe shi da shi. Ta rantse ba za ta ƙara yi masa takaba a kan takarda ba, komai kyawunta.

"Sai muka yi shawara," in ji shi. "Na ce mata, ranar da abin ya zo da gaske, zan aiko miki da bakina. Za a ce miki tsohon nan ya tafi sayar da ƙwan agwagwa mai gishiri. Ba kamfanin da zai rubuta haka, ba limamin da zai rubuta. In kin ji wannan, ni ne."

Ya juya kofi a hannunsa. Ya ce suna da 'ya guda, tana aure a ƙauye, kwana biyu a kwalekwale. Ta daɗe tana roƙon uwar ta koma wurinta. Uwar ta ƙi, ta ce in ya dawo ya tarar da ɗaki a rufe ina zai neme ta.

"Gwiwoyinta sun lalace, ya ustaz. Ɗakin nan ruwa yana shiga. Muddin ba ta ji ba, tana nan. Ka rubuta wa limamin masallacinmu da Larabci, shi zai karanta mata. Ka sa duk addu'o'inku, ban hana ba. Amma ka sa wannan, da Larabci da kuma yadda na koya maka."

Na ce to.

"Kada ka gyara mini magana. Na san ku malamai, kowace magana sai kun yi mata wanka kun sa mata likkafani."

Na ce ba zan gyara ba.

A shekarar ya sake yin hajji da ƙafa. Daga Muzdalifa ya gangaro Mina da zazzaɓi, aka dawo da shi gida a kan jaki. Ya yi kwana tara. Inna tana dama masa kunu, ya ce ba a iya ba, amma yana sha. Ya cika da hantsi, ina riƙe da kofin ruwa, Kawu yana laƙƙana masa shahada. Kawu ne ya wanke shi. Na ga ya aika an ɗebo ruwa mai sanyi daga randar da take cikin inuwa. Aka yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi Ma'ala. A can ba a rubuta suna a kan kabari. Kafin mu kai ƙofar fita na waiwaya, na riga na fara shakkar wanne ne nasa.

Kwana uku na yi ina tsara wasiƙar. Ban taɓa yi wa wata wasiƙa irin wannan hidima ba. Na sa layin a tsakiya, na yi masa wasali ɗaya bayan ɗaya.

To, a da'irarmu akwai al'ada: ɗalibi ba ya aika takarda zuwa ga wani malami ko limami sai ya nuna wa malaminmu. Wasiƙun da nake yi wa dangin alhazai ba ruwansa da su, amma wannan ga limami za ta. Ban ma yi tunanin tsallake al'adar ba. Bayan darasi na matsa na miƙa masa, ɗalibai biyar ko shida suna zaune ba su tashi ba.

Malam mutum ne mai sauƙin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya karanta yana gyaɗa kai. Da ya zo tsakiya ya tsaya, ya matso da takardar kusa da idonsa.

"Wannan fa, ya waladi?"

Ya karanta layin a fili. Wani ɗalibi ya toshe baki da gefen rawaninsa, wani ya kasa riƙewa.

"Mutumin da Allah ya karɓi ransa a maƙwabtakar Ɗakinsa, bayan ya sauko daga Arfa, shi za ka aika wa limami cewa ya tafi tallan ƙwai? Me mutanen Sin za su ce game da ɗaliban Makka?"

Duk bayanin yana bakina: jirgin da ya nutse, takaba biyu, ludayi, ɗakin da ruwa yake shiga. Har yau na yi imani da na faɗa masa, da ya bar layin, don mutum ne mai adalci kuma ya san girman wasiyya. Amma idanun ɗalibai suna kaina, kunnuwana sun yi zafi, harshena ya kwanta. Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kai, a hankali, ba da fushi ba.

"Ka sake kwafe ta ka kawo. Zan ƙara gaisuwa ga limamin in buga hatimina, don su san daga inda ta fito."

Na ce, "Na'am, ya shekh."

Na kwafe, ya buga hatimi. Ba wanda ya hana ni in rubuta ta biyu a ɓoye in haɗa da ita. Ban yi ba. Na gaya wa kaina cewa takardun farko na kamfani ne, wannan kuwa daga Harami take da hatimin malami, ba Musulmar da za ta ƙi gaskata ta. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa har na kusa yarda. Da yaƙi ya ƙare teku ta buɗe, na ba wani muɗawwifi mai kula da alhazan gabas, ya ba wani mai komawa.

Na ci gaba da aikina. Alhazai suka dawo da yawa, masu mutuwa ma suka ƙaru. Littafina na daina buɗe shi.

Hajji biyu bayan haka, wata rana da azahar, Kawu ya shigo da baƙo.

"Ga wani ɗan Sin yana ta yawo a unguwa yana neman Sini. Kai ka iya da su."

Mutum ne kamar ɗan shekara arba'in, ɗan kasuwar ganyen shayi, mai tsabta, Larabcinsa na littafi. Ya ce daga Kanton yake, kuma wata tsohuwa mai kunun shinkafa ta tare shi a ƙofar masallaci da ta ji zai zo Makka. Ya zaro takarda daga aljihu. Tun kafin ya warware na gane rubutuna. Ta yi laushi, akwai tabon mai a gefen hatimin.

"Ta ce in mayar wa mijinta. Ta ce in gaya masa wannan ta fi biyun farko kyau, har da tambari. Kuma in tambaye shi yaushe zai gaji da yawo."

Ya kwance wani ƙulli. Takalman yadi ne baƙaƙe, ɗinkin hannu, ɗinkin ya karkace a wurare kamar na wadda ido ya fara gaza mata.

"Limaminmu ya yi mata nasiha har ya gaji," in ji shi. "Ya ce ga hatimin malamin Makka. Ta ce ita ta san mijinta, malamin bai san shi ba. 'Yarta ta zo ɗaukarta sau uku. Rabin katangar ɗakin ya zube tun lokacin yaƙi, ta kafa tabarma a wurin. Ni na ɗauka in na ga kabari da idona, wataƙila ta saurare ni."

Kawu ya dube ni. Bai san komai game da layin ba, amma ya san fuskata. Ya fita.

Na kai baƙon Ma'ala bayan la'asar. Muka bi ta tsakanin duwatsu marasa suna, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Na tsaya a inda nake zato, na ce tsakanin nan da can ne. Ya yi addu'a, ya shafa, ya tsaya yana kallon fili.

"Me zan ce mata? In ce na ga ƙasa?"

Na buɗe baki, muryar ba ta fito ba. Na sake. Abin da ya fito ko ni ban ji shi sosai ba. Ya matso ya ce, "Na'am?" Sai na rufe ido, na tuna ɗigon sama da na ƙasa, na faɗa da ƙarfi yadda tsohon ya koya mini.

"Mai ham ap tan."

Ya ja da baya, ya waiga hagu da dama kamar wani zai ji mu.

"Astagfirullah! A maƙabarta?"

Dariya ta kufce masa, ya danne ta, ta sake kufcewa. Sannan ya sa hannu ya rufe fuskarsa ya daɗe a haka.

"Haka 'yan dakon bakin kogi suke magana. Wa ya koya maka wannan?"

Na gaya masa duka, tun daga jirgin da ya nutse. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da wani baƙo ba. Ashe tsohuwar ba ta taɓa faɗa wa kowa shawarar da suka yi ba, ko 'yarta, don kada wani ya ara ya yaudare ta.

"To me ya sa ba ka rubuta ba?"

"An soke."

"Wa ya soke?"

"Ni na bari aka soke."

Da muka koma gida na yage shafin daga littafina na ba shi. Ya ce ba ya bukata, maganar garinsu ce. Na ce ya riƙe dai, ta ga cewa an rubuta tun yana da rai. Takalman kuwa ya ƙi komawa da su. Inna ta ba wani mai ga-ruwa da yake yawo ba takalmi, ta ce ladan ya kai wa Baba ɗan Sin.

Shekara ta zagayo kafin saƙo ya iso ta hannun wani alhaji Bajawe. Layi huɗu ne da Larabcin littafi. Ɗan kasuwar shayin ya ce ya sami tsohuwar tana kan tukunya. Ta sa ya maimaita maganar sau biyu. Ta zagi marigayin zagi mai tsawo wanda ba zai iya rubutawa ba, ta raba wa 'yan dako sauran kunun, ta kife tukunya. Ta shiga takaba ta uku a gidan 'yarta. Ya ƙara da cewa sai da aka ɗauke ta a baya zuwa kwalekwale, don ƙafafun sun daina ɗaukarta tun damina biyu da suka wuce.

Na karanta layin ƙarshen nan sau da yawa. Damina biyun nan na san inda suka fito.

Daga baya alhazan ƙasar suka daina zuwa na wasu shekaru, ban sake jin labarinta ba. Malam bai taɓa sanin abin da ya faru ba, don ban gaya masa ba. Da ya rasu ni aka sa na rubuta wa danginsa. Na zauna a tabarmar nan, na kare takarda da tsumma, hannuna ya rubuta abin da ya saba.